Lambobin Taswira a Kundin Yaƙi: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Bin Sawun Mazan Jiya

Aikin safiyo na yi har na ajiye. Tun da na dawo Jos da zama, da wuya a yi wata biyu wani bai yi sallama da takarda a hannu ba. Wani hoton shafin kundin bataliya ne da ɗan'uwa ya aiko daga Landan, wani ɗan littafin aljihu ne da aka tsinta a ƙasan adakar kaka, wani kuma ɗalibin tarihi ne daga jami'a. Yawancinsu jikokin waɗanda suka je yaƙin Bama ne, wato ƙasar da ake kira Myanmar yanzu, ba Bama ta Borno ba. Abin da ke kawo su ɗaya ne: waɗannan lambobi shida da ke manne da sunan ƙauye ko rafi, me suke nufi, ina suke nunawa? Na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa, na amsa su kamar yadda nake amsawa a zaure.

1. Mene ne kundin yaƙi, kuma wa yake rubuta shi?

Littafin aikin yau da gobe ne da kowace bataliya ko birged ke ajiyewa muddin tana fagen daga. A rundunar Birtaniya, wadda sojojin Nijeriya suke ƙarƙashinta a yaƙin duniya na farko da na biyu, akwai fom na musamman mai lamba C.2118. An tsaga shi gida-gida: wuri, kwanan wata, lokaci, taƙaitaccen abin da ya faru, sai gidan ƙarin bayani da ke nuni ga takardun da aka liƙa a baya. Wani ƙaramin hafsa ne ke cikawa, kwamanda ya sa hannu a ƙarshen wata.

Ba a rubuta shi don a ba da labari ba. Shi ya sa za ka ga jimla guda mai kalma bakwai da lambobi shida, alhali ranar an kwana ana wuta. Littafin aljihu na soja kuwa nasa ne shi kaɗai, amma idan ya san taswira, lambobin da ke ciki irin na kundin ne.

2. To su lambobin, yaya ake karanta su?

Ka ɗauki taswirar soja kamar gidan dara. An ja layuka a tsaye da a kwance, suka yanka ƙasa gurbi-gurbi, kowane layi da lambarsa a gefen takarda. Layukan da ke tsaye lambarsu tana ƙaruwa ne in ana tafiya gabas, na kwance kuma in ana tafiya arewa. Wannan saƙa ita ce girid, lambar da ke nuna wuri a cikinta kuma ina kiranta lambar gurbi.

Ga misali da na ƙirƙira don koyo: 463729. Raba ta biyu daidai, 463 da 729. Rabin farko na gabas ne, na biyu na arewa, kuma wannan jeri ba ya sauyawa. Nemi layin tsaye mai lamba 46, ka gusa dama da kashi 3 cikin goma na faɗin gurbin. Sai ka nemi layin kwance mai lamba 72, ka haura da kashi 9 cikin goma. Inda suka haɗu nan ne wurin. Ɗalibaina nakan ce musu su tuna mai salla: gabas yake fara fuskanta kafin komai.

3. Wasu lambobi huɗu ne, wasu shida, wasu ma da haruffa a gaba. Meye bambancin?

Lamba huɗu, kamar 4672, gurbi guda take nufi baki ɗayansa, kuma ana kiran gurbi da sunan kusurwarsa ta kudu maso yamma. Lamba shida ta shiga cikin gurbin ta ware kashi ɗaya cikin goma ta kowane ɓangare. Lamba takwas ta ƙara matsewa sau goma, kuma an fi ganinta a takardun 'yan igwa da masu awo. In ka ƙirga ka samu biyar ko bakwai, wani abu ya faɗi wajen rubutu ko wajen kwafa. Duba amsa ta 10.

Haruffan kuwa sunan babban gida ne. Lambobin layuka suna tashi daga 00 zuwa 99 su sake komawa 00, don haka 463729 tana maimaita kanta duk bayan gurbi ɗari. Haruffa biyu da ke gaba su ke faɗin wane babban gida ake ciki. A tsarin Birtaniya haruffa 25 ake amfani da su, an cire I don kada a ɗauke ta lamba ɗaya. Matsalar ita ce mai cika kundi yakan bar haruffan, domin duk wanda ke tare da shi ya san inda suke. Mu da muka zo bayan shekara tamanin ne abin yake ɗaure wa kai.

4. Baba, na zuba lambar a Google Maps, ba ta kai ni ko'ina ba. Laifin wa?

Ba laifin kowa ba ne, harshensu ne ba ɗaya ba. Google Maps da wayarka suna aiki da digirin latitud da longitud, awon da ya game duniya duka. Lambar gurbi kuwa ba ta da ma'ana sai a kan taswirar da aka ciro ta. Kamar a ce maka "gida mai lamba 14" ne ba a faɗi layi ko unguwa ba: akwai shi a Gangare, akwai shi a Dadin Kowa, akwai shi a Bukuru.

Wannan shi ne abin da na fi so kowa ya riƙe daga wannan shafi. Kada ka fara da neman manhajar da za ta juya maka lamba. Fara da neman fallen taswirar da mai rubutun ya shimfiɗa a gwiwarsa ranar. In ka same shi, rabin aiki ya ƙare. In ba ka same shi ba, duk wurin da kwamfuta ta nuna maka hasashe ne.

5. Yaya zan gane wane falle aka yi amfani da shi?

Juya bayan kundin. Umarnin farmaki da ake liƙawa a ƙarshen kowane wata yakan fara da layin da aka rubuta "Ref maps", a nan ake faɗin ma'auni da lambar falle. Wani lokaci har da takarda mai shara-shara da aka zana matsayin kamfanoni a kai, da alamar kuros biyu a kusurwoyi masu lambobin layi. Waɗannan kuros su ne za su nuna maka yadda za ka ɗora ta a kan taswira. Saboda haka in kana aika wani ya ɗauko maka hoton kundi, ka roƙe shi kada ya tsallake takardun baya. Mutane da yawa sun kawo mini shafukan tsakiya kaɗai, sai da muka sake aike.

Taswirorin Bama hukumar safiyo ta Indiya ce ta tsara su, kuma lambobinsu suna da ƙa'ida mai daɗin bi. An yanka yankin manyan gidaje masu digiri huɗu ta kowane ɓangare, kowanne da lamba. Gida na 84 ya tashi daga digiri 20 zuwa 24 arewa, da 92 zuwa 96 gabas, kuma a cikinsa kwarin Kaladan yake. An raba kowane gida 16, daga A zuwa P, ana gangarowa daga arewa zuwa kudu kafin a matsa gabas. Wannan shi ne fallen kwatan inci ga mil, ma'auni 1:253,440. An sake raba kowane harafi 16, daga 1 zuwa 16 a kan wannan jeri. Shi ne fallen inci ɗaya ga mil, 1:63,360, wanda sojan ƙasa ya fi riƙewa. A tsakaninsu akwai na rabin inci, 1:126,720. Da wannan lissafi, garin Myohaung da runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma suka kama a Janairun 1945 yana kan falle 84 H/2.

In babu "Ref maps" ko kaɗan, lambar bataliya za ta rage maka nisa. Bataliya ta 4 ta Rejimantin Nijeriya tana cikin runduna ta 81, mai tambarin baƙin gizo, wadda ta yi yaƙi a kwarin Kaladan. Ta 1, ta 2, ta 3, ta 5, ta 9 da ta 10 suna runduna ta 82, mai tambarin mashi biyu a gicciye kan gammo, wadda ta bi Arakan, yankin gaɓar teku na yammacin Bama, ta gangara kudu. Ta 6, ta 7 da ta 12 kuwa an ware su aka haɗa da dakarun Chindit, wata rundunar musamman ta Birtaniya, a 1944, can arewacin ƙasar, a bayan layin Japanawa. Wanda kakansa yake ta 7 bai da abin nema a fallen Myohaung.

6. Gurbin nan mita nawa ne?

A Bama ba mita ba ne, yadi ne. Gurbin fallen inci ɗaya yadi 1,000 ne, wato mita 914 da ɗoriya. Lamba shida tana kai ka cikin yadi 100, kimanin mita 91, kuma lambobin suna maimaituwa duk bayan yadi 100,000, wajen kilomita 91. A fagen Turai da Arewacin Afirka a yaƙi na biyu kuwa kilomita ake yi. Wanda ya ɗauki yadi a matsayin mita, cikin kowane kilomita goma ya yi ɓatan kusan mita 860.

A kan takarda, yadi 100 bai kai milimita ɗaya da rabi ba a fallen inci ɗaya. Ka tuna mutumin da ya ciro lambar yana tsugune ne cikin dajin gora, takardar ta sha ruwa, fensirinsa ya dakushe. Lamba shida tana cewa "wajen nan ne", ba ta cewa "gindin wannan bishiya".

7. Ina ake samun kundin da kuma tsofaffin taswirorin?

Kundayen suna gidan adana takardun tarihi na Birtaniya da ke Kew, a Landan. Na fagen Bama suna rukunin WO 172, na dakarun da ke zaune a Afirka ta Yamma suna WO 173, na yaƙin duniya na farko kuma WO 95. Jerin sunayensu yana intanet, ana nema da lambar bataliya da shekara. Wanda ya je da kansa yana iya ɗaukar hoto da wayarsa, akwai kuma tsarin biyan kuɗi a kwafo maka.

Taswirori kuwa ɗakunan karatu da dama sun ɗora nasu a intanet, ciki har da babban ɗakin karatu na ƙasar Ostireliya da na Jami'ar Texas a Amurka. Ka nema da lambar falle, ba da sunan ƙauye ba. Kuma ka duba shekarar bugu: falle ɗaya yana iya samun bugu uku ko huɗu, na bayan yaƙi kuma yana iya ɗaukar wani girid daban. Da tsohuwar zuma ake magani. A gida, akwai gidan adana takardu na ƙasa a Kaduna da Gidan Arewa don takardun ɗaukar soja da na mulkin lardi, sai ofishin Babban Safiyon Tarayya a Abuja don taswirorin Nijeriya.

8. Na samu fallen, na ga wurin. Yaya zan kai shi kan taswirar yau?

Hanya mafi sauƙi ita ce ta ido. Dubi abin da ke kewaye da ɗigon: mahaɗar rafuka biyu, lanƙwasar kogi, kan tudu, hasumiyar bautar Buda. Nemi waɗannan a hoton tauraron ɗan'adam na Google Earth. Tudu da mahaɗar rafin dutse ba sa ƙaura. Ƙauye yana ƙaura, babban kogi a fadama ma yana sauya hanya, don haka kada ka jingina da su su kaɗai.

Hanya ta biyu ita ce ka ɗora hoton fallen a kan hoton tauraron, ko dai cikin Google Earth ko cikin manhajar taswira ta QGIS, wadda kyauta ce. Kusurwoyin fallen suna ɗauke da digiri, amma a nan ne tarko yake. Digirin tsohuwar taswira an auna su ne a kan wani tushen awo, wanda masana ke kira datom. Na Indiya da Bama ya ginu kan siffar duniya da George Everest ya lissafa a 1830, wayarka kuwa tana bin WGS 84. A Bama, tazarar da ke tsakaninsu takan kai ɗaruruwan mita. Don haka bayan ka ɗora, sai ka gusa fallen har tuddai da rafuka su hau kan juna.

Mai son lissafi kai tsaye dole ya karanta gefen fallen na ƙasa, inda aka rubuta shiyyar girid. Bama ba ta cikin shiyya ɗaya: akwai IIB, akwai IIIB a kudu da ita, kowace da mafarinta. A gefen nan kuma akwai zanen kibiyoyi da ke nuna bambancin arewar girid, arewar gaskiya da arewar kamfas. Za ka buƙace shi in kundin ya ce an yi tafiya a kan digiri kaza na kamfas.

9. Ina ganin "Pt 551", "MR", "chaung" da makamantansu. Su ma lambobin gurbi ne?

"Pt" da lamba a gaba tsayin tudu ne da ƙafa, kamar yadda aka buga a taswira. Tuddan daji da yawa ba su da suna, sai sojoji su kira su da tsayinsu. Pt 551 sanannen tudu ne kusa da hanyar Maungdaw zuwa Buthidaung, an sha artabu a kansa a 1944. Amma tsayi ɗaya yana iya fitowa sau biyu a falle guda, sai an haɗa da lambar gurbi.

"MR" a kundin Birtaniya gajarta ce ta lambar taswira, tana gaya maka abin da ke biye lambar gurbi ce. "Sq" gurbi ne, "tr junc" mahaɗar turba, "RV" wurin haɗuwa, "Coy" kamfani, "NR" Rejimantin Nijeriya. "Chaung" rafi ne a harshen Bama, "taung" tudu, "ywa" ƙauye. Wani abin lura ga mu 'yan Jos: a tsarin girid na soja na zamani, tsakiyar garin nan tana cikin gidan da ake kira 32P MR. Wanda ya saba da GPS yana iya ganin MR a tsohon kundi ya ɗauka sunan gida ne. Ba shi ba ne.

10. Lambar ta faɗa tsakiyar kogi, ko nesa da inda bataliyar take. Ɓoye ta aka yi?

Kafin ka zargi sirri, zargi hannu. Gwada juya rabi biyun, ko marubucin ya sa arewa kafin gabas. Gwada musanya lambobi biyu da ke maƙwabtaka, 463 ta zama 436. In kundin na tafireta ne, kwafin da ya bi ta takardar kabon yakan sa 3 ta yi kama da 8, 5 ta yi kama da 6. In na hannu ne, 1 da 7 ne ke rikita mutane. Duba ko bataliyar ta tsallaka wani falle ko wata shiyya ba a faɗa ba. Sannan ka gwada da ƙafa: jiya suna ina, gobe suna ina? Soja mai tafiya a ƙasa da 'yan dako cikin dajin Kaladan ba zai yi mil talatin tsakanin asuba da azahar ba.

Akwai kuma yiwuwar lambar daidai take da taswira, taswirar ce ba daidai take da ƙasa ba. An auna wasu sassan Bama shekaru masu yawa kafin yaƙi, ƙauyuka sun tashi, turbobi sun mutu.

Ɓoyewa gaskiya ce, amma a saƙon oba-oba ake yin ta, domin abokan gaba suna saurare. Birtaniya ta yi amfani da katin sirri irin su Slidex, mabuɗinsa yana sauyawa. Shi kundin an fi rubuta shi a fili. In ka ga jerin haruffa inda ya kamata a ga lambobi, musamman a takardun saƙo na baya, mai yiwuwa irin wannan ne, kuma ba tare da mabuɗin ranar ba babu yadda za ka yi, sai ka nemi wurin a shafin kundin na wannan rana. Laƙabi ma ɓoyewa ce: White City da Aberdeen sansanonin Chindit ne a arewacin Bama inda bataliyoyin Nijeriya suka yi tsaro, ba unguwannin Birtaniya ba.

11. Wace hanya ce ta fi dacewa in kwafe lambobin?

Fara da hoton shafin gaba ɗaya, har da lambar fayil da kwanan wata na sama. Sannan ka buɗe teburi a littafi ko a kwamfuta. Gidan farko: abin da aka rubuta, harafi da harafi, da tazara da ɗigo yadda suke. Na gaba: kwanan wata da lokaci, bataliya, lambar fayil da shafi. Sai lambar falle, ma'auni da shekarar bugu. Sai karatunka na lambar, sai digirin yau tare da sunan datom. Gida na ƙarshe na gaskiya ne: ka rubuta "tabbas", ko "mai yiwuwa", ko "hasashe", da dalilinka a jimla ɗaya.

Ku yi hattara da Excel. Wani matashi daga Unguwar Rogo ya kai shafukan kundin bataliyar kakansa wani shagon buga takardu, aka zuba masa su a teburi, ya kawo mini. Duk lambar da ta fara da sifili ta dawo lamba biyar, domin manhajar tana share sifilin gaba. Da ba ya riƙe da hotunan asali, da aikin ya lalace, kuma abin ya dame ni ƙwarai don na ga irin wahalar da ya sha kafin ya samo su. Mayar da gidan ya zama na rubutu kafin ka fara zuba lamba. Kada kuma ka rubuta digiri da lambobi shida bayan ɗigo, domin hakan yana nuna ka san wurin cikin taƙi guda, alhali asalin lambar yadi 100 ta ba ka, kamar yadda na faɗa a amsa ta 6. Uku bayan ɗigo sun isa.

12. In na tabbata kuskure ne, in gyara a kwafina?

A'a. Bar shi yadda yake a gidan farko, ka sa gyaranka a gidan karatu tare da hujja. Wata rana wani zai zo da bugun taswirar da ba ka gani ba, ya tarar marubucin ne ke da gaskiya. In ka riga ka shafe asali, ka yi gyaran gangar Auzinawa. A kan takardar asali kuwa ko da fensir kada ka taɓa.

13. Sunayen da ke kundin ba sa fitowa a taswirar yanzu.

An sauya da yawa. Bama ta zama Myanmar a 1989, Arakan ita ce Rakhine, Akyab ita ce Sittwe, Prome ita ce Pyay, Myohaung kuma Mrauk-U. Akwai wata Myohaung a gefen Mandalay, mai nisan gaske daga waccan, kuma ƙauyuka masu suna ɗaya sun cika ƙasar. Kama da wane ba wane ba ne. A nan lambar gurbi ta fi suna amfani.

Wasu sunayen kuma mun san su tun muna yara ba mu san daga ina suke ba: barikin Kalapanzin da na Dalet a Kaduna, na Chindit a Zariya, na Letmauk a Ibadan, na Myohaung, Arakan, An da Tamandu a Legas. Duk daga fagen Bama aka ɗauko su. In tsoho ya ambaci wuri da lafazin Hausa, rubuta shi yadda ya faɗa, sannan ka sa rubutun taswira a gefe.

14. Kakanmu Habasha ya je, ba Bama ba. Na yaƙin farko fa?

Ƙa'idar gabas kafin arewa ba ta sauya ba, amma girid da taswirar Gabashin Afirka daban suke, kada ka ɗauki lissafin amsa ta 5 ka kai can. Birged ta 23 ta Nijeriya ce ta shiga Mogadishu a Fabrairun 1941 kafin ta nausa Habasha, kuma sunan garin ne barikin Mogadishu na Abuja yake ɗauke da shi.

A yaƙin farko sojojinmu sun yi Kamaru daga 1914 zuwa 1916, inda Garwa ta faɗi a 1915, dutsen Mora kuma ya miƙa wuya a Fabrairun 1916, daga baya suka tafi Gabashin Afirka. A can sunan wuri da nisan mil za ka fi nema. In ka ga lamba mai siffar 36c.S.11.d.5.7, ta fagen Faransa da Beljiyam ce: lambar falle, babban gida mai harafi, gurbin yadi 1,000, kwatansa na yadi 500 mai a, b, c ko d, sai kashi cikin goma gabas da arewa.

15. Littafin mahaifina na yaƙin basasa ne, 1967 zuwa 1970.

Taswirorin Nijeriya masu ma'auni 1:100,000 da 1:50,000 suna da suna da lamba. Jos tana kan fallen Naraguta mai lamba 168, wanda aka raba huɗu a ma'aunin 1:50,000. Nemi irin wannan suna a bangon littafin ko a saman shafi. Tushen awonmu datom ɗin Minna ne, kuma bambancinsa da na waya yakan kusanci mita ɗari. Girid kuwa iri biyu za ka iya tararwa: na ƙasa mai shiyya uku, yamma, tsakiya da gabas, ko girid na duniya da ake kira UTM, wanda ya sa Nijeriya cikin shiyya ta 31, 32 da 33. Gefen fallen ne zai raba gardama. Littafin wanda ya je Laberiya ko Saliyo da ECOMOG daga 1990 ma haka za a bi shi.

Shawara ɗaya a kan na basasa: wuraren nan garuruwan mutane ne, 'ya'yan waɗanda abin ya shafa suna raye a kowane ɓangare. Ka yi nazari da shawara da manya kafin ka watsa lamba da sunan ƙauye a Facebook.

16. Yaya zan adana takardar asali?

Cire ƙusar sitefula da duk ƙarfen da zai yi tsatsa. Kada ka kai a yi mata laminatin, zafi da gam suna cinye fensir, kuma ba a warwarewa. Sa ta a kwance cikin farar takarda, a kwali, nesa da bango da ƙasa saboda gara da danshin daminar Jos. Hotunan kuma ka raba wa 'yan'uwa biyu ko uku.

17. Malam, lambar za ta nuna mana inda aka binne kakanmu?

Wannan ce tambayar da ke ƙarƙashin sauran duka, kuma ba na amsa ta da gaggawa. Kundin yakan ambaci hafsoshi Turawa da suna, sojan Afirka kuwa sau da yawa adadi ne kawai: "2 AORs killed", wato an kashe ƙananan sojojin Afirka biyu. Wannan yana yi mini ciwo duk lokacin da na karanta. Mutum ya bar Pankshin ko Katsina ko Lafiya, ya haye teku, ya faɗi a wani rafi, abin da ya rage a takarda haruffa uku ne da lambobi shida. Shi ya sa nake ɗaukar lambobin nan da nauyi, nake kuma hana a yi musu riƙon sakainar kashi.

Ga abin da za a iya yi. Nemi sunansa da lambarsa ta soja a shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, CWGC, kana gwada rubutun suna iri-iri, domin magatakardan soja sun rubuta sunayenmu yadda suka ji, sau da yawa da sunan gari a madadin na uba. Za ta ba ka bataliya da ranar rasuwa. Buɗe kundin a wannan rana, ka ga inda kamfanoni suke da inda aka yi arangama. Abin da za ka samu shi ne wurin da bataliyarsa take ranar da ya cika, wataƙila har tudun ko rafin. Wannan ba kabari ba ne, kuma haka za ka rubuta a gidan ƙarshe na teburinka.

Bayan yaƙi an tattaro gawarwaki da dama daga daji zuwa manyan maƙabartu irin ta Taukkyan kusa da Yangon, akwai kuma sojojin Afirka ta Yamma a maƙabartar Chittagong a Bangaladash. Waɗanda ba a gano kabarinsu ba an sassaƙa sunayensu a ginin tunawa na Rangoon (tsohon sunan Yangon) da ke cikin Taukkyan, mai ɗauke da suna kusan 27,000. Shafin hukumar zai faɗa maka ko kabari ne mai lamba ko suna ne a bango. Jihar Rakhine tana fama da faɗa a shekarun nan, ba wurin zuwa ba ne yanzu. Iyalai biyu da na yi wa wannan aiki sun buga hoton tauraron wurin a babbar takarda, da ɗigon da ranar a ƙasa, suka tara dangi aka yi masa addu'a.